Ɗiyar da Ɗan'azumi ya baro a Elmina

Duk wanda ya taɓa kai ɗinki wurin Ɗan'azumi tela a Matankari ya sha labarin Elmina, ko yana so ko ba ya so. Ni maƙwabcinsa na sha shi har ya gundure ni.

Can gaɓar tekun Gana ya yi samartakarsa, yana ɗinki a gindin tsohuwar ganuwar 'yan Holan. Yakan ba mu labarin yadda suka zo da jiragen ruwa, suka hau tudu da manyan bindigogi, suka ƙwace ganuwar daga hannun 'yan Fotugal. Wallahi sai ka ce da shi aka yi. Amma da ya kawo shekarar da aka kori baƙi daga Gana, sai ya yanke labarin, ya hau taka keken ɗinkinsa. Can Elmina ya baro matarsa, 'yar garin, da jaririya, ɗiyarsa ta fari.

Kowace kaka in 'yan cirani za su tafi, sai ya tare Buba, mai kai albasa kudu, ya roƙe shi ya duba masa "yarinyar nan". In Buba ya tambayi suna, tsoho ya sunkuyar da kai. Ɗiyar fari ce, da wane baki zai faɗa? Na yi wa tsohon faɗa har na gaji. Garin masunta guda, a shiga neman yarinyar nan! Haka Buba ya yi ta dawowa hannu biyu, ni kuwa tausayi da haushi suna cina.

Bara ciwo ya kwantar da Ɗan'azumi. Ya kira Buba, ya sa matan gida suka fita, ya juya fuska wajen bango.

"Mubaraka," in ji shi.

Da Buba ya koma Elmina, kwana biyu kacal ya yi yana cigiya. Ashe wata mai kifi ce ta bakin gada, wadda ya sha yin ciniki da ita, har ta yi jikoki.

Ran da Buba ya kira, ni na riƙe wa tsoho salula. Fuskarta ta fito a salular, goshinsa sak, tana kuka tana kiran Baba. Shekara hamsin da 'yan kai yana jiran wannan rana, sai ga shi ya kau da kai gefe, kamar yadda uba ke yi wa ɗan fari. Hawaye na bin gemunsa.

"Tambaye ta," ya ce mini, "ko ta ci abinci."