Robar Babur da Ɗakin Inna

Ɗakin Inna na ƙasa ne, azararsa ta ruɓe. Daminar da ta wuce kafin wannan, da kwanonin tuwo bakwai take kwana, kowanne yana tarar nasa yoyon. Tari ya kama ta har kaka. Na ce wata daminar ba za ta same ta haka ba, zan sa mata rufin kwano.

Kafintan garinmu ya ce sai ya zo da tef ya auna. Na ce ya riƙe tef ɗinsa. Na yi shekara shida a ramin zinariya, ƙasa ta rufta da ni sau biyu na fito. Ɗaki ɗaya ba zai gagare ni ba.

Na nemi igiya a gidan ban samu ba, akuya ta cinye. Sai na kwance robar da nake ɗaure kaya a bayan babur, irin wadda ake yankowa daga tsohon tub na taya. Na kafa ƙusa a kusurwar ɗaki, na maƙala ta, na ja ta sosai don ta miƙe, na yi ƙulli a inda bango ya ƙare.

Inna tana zaune tana tsince wake.

"Mi kaka yi da wagga roba?"

"Awo, Inna."

"Ɗakina tabarma ukku na da rabi. Tun ba a haihe ka ba."

"Ba a sayen kwano da tabarma."

"To, injiniya."

Ranar kasuwa na tafi Gummi. Mai kwano ya shimfiɗa robar a ƙasa, ya jera kwano daga bakinta zuwa ƙullin. Ya dube ni.

"Malam, ɗakin mutum ne ko akurkin kaji?"

Na ce ya ɗaure mini kayana, ba hira na zo ba. Da robar nan na ɗaure kwanon a babur, na ja ta ta zagaye kayan sau huɗu. Ko a nan ban gane ba.

Na sauke tsohon rufi, na kafa katako, na fara bugawa daga gabas. Kwano ya ƙare, saura taki biyu na sarari. A ƙarƙashin sararin kuma gadon Inna yake.

Ta ɗaga kai ta kalli sama ta cikin ɗakinta.

"Madalla. Da can ruwa sai ya yi dabara ya shigo. Yanzu ka buɗe mai ƙofa."

Kafinta ya zo wucewa, ya ɗauki robar, ya ja ta ya sake, ya ja ta ya sake. Ya ajiye ta ya wuce. Da ya zage ni ya fi.

Hadari ya haɗu da la'asar. Ruwan shekaranjiya ya riga ya cika rafin hanyar Gummi, babur ba ya ƙetarewa. Na hau ɗakina, na ɓamɓare kwano uku, na kai kan nata. Ina buga ƙusar ƙarshe yayyafi ya soma.

Daminar nan Inna ba ta yi tari ba. Amma ranar da na gama rufin, da magariba ta aiko mini da kwanonin tuwonta bakwai, ta ce wanda ke da ɗan tsaga a baki, a wajen ƙafar gado ake ajiye shi.