Goggon Kemis da Kuɗin da Kowa Ya Ƙi

Ƙarfe bakwai na safe Goggo take buɗe kemis, ta goge tebur, ta zauna bayan akwatin kuɗi da tabaronta mai ƙafa ɗaya ɗaure da zare. Shekara ashirin da shida ke nan. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, ni kuwa har yau ban gama gane matar nan ba.

A unguwarmu, miƙa wa mai shago kuɗin ƙarfe ka ga yadda zai janye hannu kamar ka ba shi garwashi. Wa ya soke su? Oho. Mai shayi ya ce direbobi suka fara ƙi, direbobi suka ce 'yan kasuwa ne. Ni kaina na sha ƙi, kuma wallahi ban san dalili ba. Goggo kaɗai ke karɓa. Takan buga sule a kan tebur, ta saurari ƙararsa, ta ce, "Lafiyarsa lau."

Ranar da asmar 'yata ta tashi, ba ni da ko sisi. Mahaifiyata ta ba ni 'yan sulalla da wata takardar kuɗi sabuwa fil, irin wadda rabona da gani tun ina yaro. Kemis biyu suka koro ni. Na uku ya jujjuya takardar ya ce, "Malam, wannan ta wace ƙasa ce?" Har ni ma na fara shakka.

Da na isa wurin Goggo, ta ɗaga takardar wajen hasken taga. "Tamu ce. Ungo maganin. Ka tsaya kallona? Ruga!"

Sai kwanan nan telan da ke maƙwabtaka da su ya ba ni sauran labarin. Ashe mai kemis ɗin da take yi wa aiki ma ba ya karɓar irin kuɗin. Goggo ke cire su daga akwati, ta zuba nata daga albashinta, sannan ta shiga kasuwa tana kashe su ɗaya-ɗaya. Telan ya ce ya taɓa ganin ta yi rabin awa da mai tumatir a kan sule biyu, har ya karɓa don ta tafi.

Kaina ya ɗaure. Na je na same ta.

"Goggo, takardar nan tawa fa, wa ya karɓa?"

"Babu. Tana jakata, shekara huɗu."

"To me ya sa kika..."

"Kai ma da tambaya! Yarinya na shaƙewa, zan tsaya bincike?"

Kunya ta kama ni, na zaro kuɗi na miƙa mata. Ta ture hannuna.

"Mayar. Ai ka biya tun ranar."

Goggo, ke ce mai karɓar abin da kowa ya ture. Ban gane lissafinki ba, amma 'yata tana makaranta, tana guje-guje da ƙawayenta. Na gode, Allah Ya saka miki. Ku kuma masu zama bayan akwati, in mutum ya miƙo muku abin da yake da shi, ku dubi fuskarsa kafin ku janye hannu.