Igiyar Da Na Hana Baba Kamawa

Ana sallame sallar asuba ranar Juma'a muka bar Malaz, unguwarmu a birnin Riyad, mu uku a mota ɗaya, muka miƙi hanyar gabas. Akwai ni, da dattijon da muke zama ɗaki ɗaya wanda kowa ke ce wa Baba, sai wani Balarabe ɗan ƙasa, ma'aikaci a ofishin da nake tuƙi a unguwar Ulaya. Shi ya gayyace ni garinsu, wani ɗan garin masunta a bakin teku, wai suna bikin buɗe kamun kifi na shekara, ya ce in zo da wanda nake so. Ni dai tun ranar hankalina bai kwanta ba. Mutumin da gaisuwa kawai ke haɗa mu, yau me ya gani? Ga shi lokacin kame ne, duk baƙon da aka samu yana yi wa wani aiki, in ba kafilinsa da ya ɗauki nauyin zamansa a ƙasar ba, sai tarhil, wato a tusa ƙeyarsa gida.

Da ta ni ce, da ban je ba. Baba ne ya ji an ambaci teku ya tashi ya wanke kayansa. Basarke ne daga Yawuri, cikin kwalekwale ya girma, amma yau gadin wani bene yake yi. Iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta kusa ƙarewa, kafilinsa kuwa ƙiris yake jira ya ce ba zai sabunta ba, alhali gida guda ke ci daga gadin nan. Na ce to, tunda ba zai hanu ba, gara in bi shi in zame masa ido.

Hanyar dai ba laifi, sumul take, sai jan yashi dama da hagu da raƙuma a bayan waya. Mun tsaya wani gidan mai muka karya da gurasa mai zafi da wake da shayin madara. Man mota ya fi ruwan roba araha, abin da har yau in na faɗa a gida ake cewa na fara ƙari. Mai gayyatarmu ya hana mu sa hannu a aljihu, wannan ma ya ƙara mini zargi. A shingen 'yan sanda aka duba iƙamominmu aka ɗaga mana hannu, amma sai da muka yi nisa kafin na daina waiwaye.

Kafin ka ga teku za ka ji shi a jikinka. Iskar ta yi nauyi, riga ta manne, gilashin idona ya yi hazo da na buɗe ƙofa. Garin ƙarami ne, an kafa rumfuna a gaɓa, an ɗaura tutoci. Bayan Juma'a aka fara da sharar bakin ruwa. Ma'aikatan baladiyya, wato hukumar gari, suna raba riguna masu ƙyalli da safar hannu da manyan ledoji, manya da yara kowa na karɓa. Aka miƙo mana. Na hango mai kyamara, na hango motar 'yan sanda a gefe, na ce yauwa, ga abin da aka kawo mu yi. Baƙar fata cikin rigar aiki yana tsintar shara, wa zai yarda ba ƙwadago yake ba? Na dafe ƙugu na ce ciwon baya nake, na ce Baba ma haka.

Daga nan muka zaga. A wata rumfa dattawa sun tsare wani jami'i kan matsayar jiragensu da ta lalace, murya sama, shi kuma yana ta gyaɗa kai yana share zufa. A wata kuma mata na sayar da busasshen kifi da dabino da tabarmin kaba. An yi tseren ƙananan jirage, ana kiɗa da tafi da waƙoƙin matuƙa. Aka kawo abinci a manyan faranti, shinkafa mai zaƙi da aka dafa da ruwan dabino, da soyayyen kifi a kai. Na yi loma ɗaya na tsaya ina tunanin ko mai girkin ta ɗauki sukari a zaton gishiri. Na waiga, Baba ya riga ya yi rami a gabansa.

Bayan la'asar aka zo babban abin. Jirgi ya zagaya da taru cikin ruwa ya dawo da bakin igiya, maza suka jeru layi biyu a kan rairayi, suka naɗe riguna, mai waƙa na bayarwa suna amsawa suna ja. Mai gayyatarmu ya ce al'adarsu ce, duk wanda hannunsa ya taɓa igiyar yana da rabo a kifin, baƙo kuma shi ake fara ba wuri. Mahaifinsa, wani tsoho mai farin gemu, ya matsa ya buɗe gurbi a gabansa, ya yafito Baba yana cewa, “Tafaddal, tafaddal,” wato bismillah.

Ban ankara ba Baba ya cire takalmi ya naɗe wando. Fuskarsa ta canza, ban taɓa ganin ta haka ba. Mai kyamara kuwa na nan tsaye daidai layin. Na riƙo gefen rigarsa.

“Baba, don Allah ka tsaya. Hoto ɗaya ya isa kafilinka.”

“Ɗan nan, wannan gayya ce. Ba ka san gayya ba?”

“Na san ta a gida. A nan kuwa wa zai tsaya ya yi wa jawazat bayanin gayya?”

Jawazat su ne masu kula da shige da fice, sunansu kaɗai ya isa. Baba ya tsaya ƙafa ɗaya a ruwa. Tsohon ya ƙara yafitowa, ya jira, daga baya ya koma ya cike gurbin da kansa. Mai gayyatarmu ya ce babu komai, amma na ga ya sunkuyar da kai. Muna tsaye aka fito da tarun, kifi na ta tsalle, aka kasa a kan rairayi. An kawo mana namu duk da ba mu ja ba. Baba ya ce a gode musu, shi bai taɓa igiya ba, bai karɓa ba.

A nan muka kwana, da safe muka juyo. An yi mana sallama da mutunci, har da kwalin dabino, sai dai tsohon bai fito ba, aka ce yana hutawa. Hanyar dawowa ta yi mini tsawo. Balaraben ya kunna karatu, Baba ya juya fuska ga yashi. Ni kuma ina ta lissafin hujjojina, ban ga wadda ta karye ba. Babu wanda aka kama a garin, gaskiya ne. Amma wa ya san inda hotunan nan za su je? Kuma har yanzu ban gane dalilin gayyatar ba. Watakila babu wani dalili, mutumin kirki ne kawai, wannan ɗin ne kuma na kasa haɗiyewa.

Abin da tafiyar ta koya mini, jama'a, shi ne zaman nan ya gyara mini ido ya ɓata mini zuciya. In aka miƙo mini hannu sai na fara leƙa bayansa. Wannan hali ya tsare ni shekaru, kuma ina ganin ya tsare Baba, don mun shigo Riyad da azahar lafiya lau, ya koma bakin ƙofar da yake gadi, babu wanda ya kira shi.

Da muka shiga ɗaki na ce masa, “Baba, ka yi haƙuri, don kai na yi.”

Ya zauna yana kakkaɓe rairayin da ya maƙale a naɗin wandonsa, ya ce, “Na sani, Allah ya yi maka albarka. Rabona da igiyar taru tun autata na goye, yanzu tana ɗakin miji. Ina ganin ba za a ƙara buɗe mini gurbi ba.”