Wa Zai Haƙa wa Baba Timoti?

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Garba mai kanwa. Duk shekara nakan tuna shi ni kaɗai, in yi masa addu'a in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni, saboda abin da na je na gano a garinmu, can gindin duwatsun Poli.

Garinmu ƙaramin gari ne na manoman dawa da gyaɗa. Mutanen dutse ne suka kafa shi, yawancinsu Kiristoci ne yanzu. Kakanninmu Hausawa daga baya suka zo da fataucin kanwa da goro. Ana ba da labari cewa da aka yi rasuwar farko a cikin baƙin, sun rasa inda za su sa gawa, don ƙasar wurin duk dutse ce. Mutanen dutse suka sauko da dagi suka haƙa musu. Tun daga nan ya zama al'ada: a garinmu ba wanda ke haƙa wa nasa. Kowane gidan Musulmi yana da gidan Kirista da ke haƙa masa kabari, shi ma ya haƙa musu. Ba a biya, ba a ma yin godiya, ruwa kawai ake kai wa masu aiki.

Gidan da ke haƙa mana shi ne gidan Baba Timoti. Shi da mahaifina sun yi rayuwarsu suna tsokanar juna. Baba, wato mahaifina, ya ce masa, "Ka riga ni, in huta da surutunka." Shi kuma ya ce, "Garba, da wannan tumbin naka, kwana biyu zan yi ina haƙa." Amma Baba ya san faɗin ramin da akwatin gawa ke buƙata, Baba Timoti kuma ya san alƙibla ba tare da an nuna masa ba. Na sha ganin mahaifina ya rufe shago ranar kasuwa, ya saɓa diga ya hau dutse, ya dawo da tafin hannu duk kanta.

Ranar da Baba ya cika, tsakiyar rani ne, ƙasa ta bushe ƙamas. Kafin a gama wanka mun jiyo ƙarar diga daga maƙabarta. Da aka tsaya salla, Baba Timoti ya koma gefe ya cire hularsa, ƙasa har gira. Ban ga ya yi kuka ba. Ya dai ce wa yayana Sani, "Na sauke nawa. Saura naku."

Da Baba zai leƙo garin yau, zai ga an yi lekol, makarantar boko mai rufin kwano, zai ga auduga ta cinye gonakin dawa, moto, wato babur, a kowace ƙofa. Zai kuma ga samari ba su daina haƙa ba, sai dai zinariya suke nema a bakin kogin Faro. Sauran gidajen sun saki al'adar ɗaya bayan ɗaya, ba faɗa ba gaba, kowa dai ya koma haƙa wa nasa. Mu ma mun watse. Yaya Sani yana Ngawundere da harkar manyan motoci, ya ce in lokaci ya yi a nemo leburori. Ƙanena Habibu ya ce shi yana da shakka a kan halaccin abin. Na tambaye shi ko ya fi Baba sanin hanyar masallaci ne, sai ya kashe waya. Ni kuma ina koyarwa a Garwa. Gaskiyar masu magana ce, kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Watan jiya na je garin, na hau dutse gaida Baba Timoti. Ya tsufa ƙwarai, tari ya cinye shi. Jikarsa ta ce ba ya gida, yana bayan coci, kullum da safe can yake zuwa. Na bi sawu. Tun daga nesa na jiyo ƙarar nan da na sani, a hankali, bugu ɗaya sai dogon hutu.

Na same shi a cikin rami har ƙugu.

"Baba, wa ya rasu?"

"Ba kowa, 'yata. Jam na, lafiya dai? Ya mutanen Garwa?" Ya jingina da diga yana haki. "Na ga yaran Garba sun yi nisa, hannunsu kuma ya yi laushi. Shi ne nake rage musu aiki. Kamu ɗaya zan bari a ƙasa. Ko ɗayansu ya zo ya cire shi, ya isa. Ba na so a ce gidan abokina bai haƙa ba."

Kunya ta kama ni, tsoro kuma ya fi kunyar yawa. Tun daga ranar, ko wurin gini na wuce a Garwa na ji bugun diga, sai gabana ya faɗi, in duba waya ko kira ne daga gida.

An ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Ina so in yarda. Shagon Baba ya zama wurin cajin waya, gonarsa an raba, yaran garin ba su san sunansa ba. In akwai abin da ya rage nasa a duniya, to amanar nan ce da tsoho mai tari yake tallafe da ita shi kaɗai, yana rufa wa mamaci asiri.

Na aika wa Yaya Sani da Habibu abin da na gani. Har yau ba wanda ya ce uffan. Na sani sarai mace ba ta haƙa kabari a garinmu, ko a wajen Musulmi ko a wajen Kirista. Amma in ranar ta zo babu namiji daga gidan Malam Garba, zan ci ɗamara in sauka ramin nan da kaina, gari ya faɗi abin da zai faɗa.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa kada ya ji labarinmu.