Gaton Litinin da Fim ɗin Khamis

Duk wanda ya taɓa zama bayan tashar manyan motoci a Malanville ya san Munawwara mai gato, wato kek a bakin mutanen gari. Ko bai san fuskarta ba, ya san ƙamshin gidanta. Tun tana budurwa ta koyi gashin wajen wata maƙwabciyarsu ƴar Kotonu, kuma ba ta taɓa mallakar murhu irin na masu burodi ba. Tukunyar ƙarfe ce, ta shimfiɗa rairayin kogi a gindinta, ta ɗora kwanon ƙulli, garwashi a ƙasa, garwashi bisa murfi. Lokacin mangwaro ta sa mangwaro, in ya wuce ta koma ayaba. Takan yi wa masu suna da masu biki in sunka roƙe ta, amma na ranar Litinin na gida ne, ko ɗan wa ya zo ba a sayarwa.

Wanga gashi yana da tsiya ɗaya. In ka buɗe murfi da wuri gaton ya faɗi, cikinsa ɗanye. In ka yi jinkiri ya ƙone. Munawwara ba ta da agogo a madafa, mijinta Khamis shi ne agogonta.

Khamis ɗinkin buhunan albasa yake a kasuwa, mutum ne mai surutun da ko gardawan duwan, masu binciken kaya a iyaka, sai sun tsaya saurarensa. Suna sabon aure ya ɗauke ta bisa keke sau uku zuwa gidan bidiyo, ta zauna can baya ta rufe rabin fuska. Ai kuwa unguwa ta ɗauka, har maganar ta kai kunnen babanta a Garou, daga nan ba ta sake zuwa ba. Khamis ya ce to ba komi, tunda ba a bari ta je wurin fim, shi zai riƙa kawo mata fim har gida.

Haka anka yi shekara talatin da wani abu. Kowace Litinin, da kasuwa ta lafa, yana sallame azahar sai ya tafi kallo. Bayan la'asar ya dawo ya tarar ta gama kaɗa ƙulli. Tana ɗora murfi, shi kuma ya cire hula ya fara. Ya yi muryar ɓarawo, ya yi ta sarauniya, ya ɗauki basillar ɗinkinsa ta zama takobi. Ita kuma tana tsugune tana fifita wuta tana yi wa mutanen cikin fim faɗa. Da ya ce fim ya ƙare sai ta ɗaga murfi, kuma wallahi ba a taɓa samun kuskure ba. Na ukunsu wurin kallo mage ce, Duwan. Khamis ya raɗa mata sunan saboda babu jaka ko buhun da zai shiga gidan ba ta cusa kai ta bincika ba.

A ƴan shekarun nan Munawwara ta sha faɗa mishi cewa masu yin fim sun fara hankali. Yanzu kusan kowane akwai kogi da masu jirgi, akwai gonar albasa, ba a kashe mutanen kirki, kuma matar cikin fim ɗin kullum tana da wushirya irin tata. Ta ce ashe Indiyawa ma suna noman albasa. Khamis ya ce sosai ma, har sun fi na Madécali.

Cikin zafin bazara, mangwaro ya cika gari, Khamis ya faɗi bisa buhunan mutane da basilla a hannu. Hawan jini ne. Ya yi mako uku a likita, anka dawo da shi ɓarin dama a shanye, harshe ya yi nauyi, ko kalma ɗaya ba ta fita. Ɗiyarsu ɗaya, Fa'iza, tana aure a Gaya, can tsallaken kogi, ga gadar iyaka a rufe, sai ta shiga jirgin ruwa ta zo ta yi kwana biyu ta koma wurin ƴaƴanta. Gida ya rage daga Munawwara sai mutumin da ya fi kowa magana a unguwar, kwance bisa tabarma yana kallon rufin kwano.

Abin da ya fi tada mata hankali, ya daina cin abinci. Ta dama fura, ta yi kunu, ta yi romon kifi, sai ya damƙe baki. Likita ya ce mata a fili, in bai ci ba magani ba zai yi komi ba. Ran Litinin ta gasa gaton mangwaro, gindin ya ƙone saboda babu mai gaya mata lokaci. Ta kai mishi, ya kawar da kai ya zuba wa ƙofar gida ido har rana ta faɗi. Nan ta ce a ranta gidan bidiyo yake kewa, tausayinsa ya kama ta.

Litinin ta gaba ta ja hijabi bayan azahar, ta bar shi da Duwan, ta taka har gidan bidiyo. Ta tarar da samari cike da benci suna ihu kan ƙwallo. Abdulgani mai wurin, wanda ya gaji gidan daga babansa, yana ganinta ya fito da sauri ya rusuna.

"Inna, lafiya? Ya jikin Baba?"

"Da sauƙi. Fim na zo kallo, in kai mishi."

Abdulgani ya sosa ƙeya. "Inna, ai rabonmu da sa fim shekara bakwai ke nan. Kowa na da shi cikin waya. Ƙwallo kaɗai muke nunawa."

Ta ce mishi kada ya raina mata hankali, mijinta kowace Litinin nan yake zuwa. Ya ce ƙwarai yana zuwa, amma gaisawa kawai suke, ba ya shiga. Ya nuna mata wani tsohon benci gindin bishiyar dogonyaro. Ya ce can Baba ke zama shi kaɗai har la'asar, bakinsa na motsi, yana wurga hannu, wani lokaci ya tuntsire da dariya. Su duk sun ɗauka lazimi yake.

Ta je ta zauna bisa bencin. Fushi ne ya fara zuwa. Shekara bakwai tsoho da furfurarsa yana shirga mata ƙarya, ita kuma tana zagin ɓarayin da ba a taɓa haifa ba. Sai ta tuna da kogin, da albasar, da matar nan mai wushirya wadda ba a taɓa barinta ita kaɗai a ƙarshen fim ba. Ta ja hijabi ta rufe fuska ta yi kuka mai isarta. Ba ta tashi ba sai da anka kira la'asar, don in ta koma da wuri zai gane ba ta kalli komi ba.

Ta dawo ta kaɗa ƙulli, ta jawo murhu kusa da tabarmarsa, ta ɗora murfi. Ta ce yau ita ta je kallo. Ta fara ba shi labarin wani mai ɗinkin buhu da ciwo ya kayar, anka kai shi likita, ya warke. Shi ke nan, labari ya ƙare. Ita ba gwanar baki ba ce, ko garwashin bai gama kamawa ba. Hannunta da ya saba ya ɗaga murfi, gaton ya lotsa.

Khamis ya daɗe yana kallonta. Gefen bakinsa mai rai ya motsa, hawaye ya gangaro ta wajen kunne. Ya san ta gano, ita ma ta san ya sani.

"Baban Fa'iza, wanga fim gajere ne," in ji ta. "Na mako mai zuwa an ce ya fi tsawo."

Ta ɗebo gefen da ya ɗan gasu ta kai bakinsa, ya buɗe. Cokali uku ya ci.

Litinin goma sha ɗaya tana zuwa bencin nan. Salamatu maƙwabciyarta ta yi ta yawo da zancen, wai mace da miji kwance ta koma zaman ƙofar gidan bidiyo. Munawwara ba ta tanka ba, don in ta yi bayani ta tona mishi asiri. Labaranta sunka fara tsawo, ta koyi sa ɓarawo, ta koyi sa jirgi ya kusa kifewa, amma kullum tana gamawa gato da sauransa. Ranar Litinin kaɗai yake cin abin kirki. Cokali uku ya koma biyu, biyu ya koma ɗaya. Wata Juma'a da hantsi ya rasu, Duwan na kwance bisa ƙafarsa.

Ta yi takaba wata huɗu da kwana goma ba ta fita ba, fim na goma sha biyu yana cikin kanta, kullum tana ƙara mishi wani abu. Litinin ta farko bayan ta fita takaba, lokacin mangwaro ya daɗe da wucewa, ta kaɗa ƙulli da ayaba. Ta shimfiɗa tabarmar a inda take, Duwan ta hau ta zauna. Munawwara ta ɗora murfi, ta ɗauko basillarsa, ta fara. Ta yi muryar ɓarawo, ta yi ta mai jirgi, ta kai mai ɗinkin buhu da matarsa har gida lafiya, sannan ta ce fim ya ƙare.

Ta ɗaga murfi. Gaton ya tashi ya cika kwano, ya yi ja, ko gefe ɗaya bai ƙone ba.

"Baban Fa'iza, duba," ta ce, ta juya da tukunyar wajen tabarma.

Duwan ce ta sauko ta leƙa ciki. Munawwara ta zauna riƙe da murfin har garwashin ya mutu.