Saniya Mai Tozo a Tambarin Ƙungiyarmu

Shekarun baya, lokacin da ciyawar kachala ta toshe hanyar ruwan da ta bi ta bayan garinmu a yankin Guri, muka kafa 'yar ƙungiyar aikin gayya. Duk Asabar mu shiga ruwa da adda da lauje. Manoma da masunta su sare, makiyayan da ke shayar da dabbobi a wurin su ja ta waje da shanun noma. Amma ciyawar nan ka sare ta yau, kafin wata ya zagayo ta dawo. Injin yashe kogi muke buƙata.

Sai muka ji za a yi taro a Hadejia kan yashe hanyoyin ruwa. Mun taɓa zuwa irinsa aka bar mu a waje. Mai tsaron ƙofa ya tambayi shaidar ƙungiyarmu, muka tsaya kallon juna, wasu na wuce mu da riguna iri ɗaya da tambari a ƙirji.

Kawuna, wanda shi ne shugabanmu, ya ce, "Kai da kullum kanka ke cikin waya, ba za ka iya yi mana irin nasu ba?"

Na ce zan iya, alhali ban taɓa gwadawa ba. Wani abokina mai aiki a shagon buga takardu ya nuna min shafin da ake haɗa tambari kyauta, da wani na ɗaukar hotuna da salon rubutu. Na yi ta kallon bidiyon koyarwa har na fara jin kaina gwani. Abu ɗaya suke nanatawa: kada ka cika kaya, launi biyu ya isa. Na sa zangarniyar shinkafa a kan shuɗin ruwa, na kai a waya zaman ƙungiyarmu bayan la'asar ina jiran yabo.

Masunta suka ce, "Ina kifi?" Nan take na ƙara kifi. Da wayar ta iso hannun dattijon makiyaya, wanda duk muke kira Baffa, ya daɗe yana kallo. Ya miƙo min ya ce, "Ya yi kyau, ɗana. Allah ya ba ku sa'a."

Ban kula da wannan "ku" ɗin ba sai ranar Asabar, da babu ko makiyayi ɗaya da ya zo. Kachalar da muka sare ta wuni tana yawo a ruwa. Kawu bai yi min faɗa ba, cewa kawai ya yi, "Je ka sa musu saniya."

Na koma shafin. Shanu sun fi a ƙirga, amma duk irin na Turawa ne, baƙi da fari, ba tozo ba ƙaho. Na san idan na kai wa Baffa wannan, gara ma ban sa ba. Sai na hau babur na tafi rugarsu.

"Baffa, saniya na zo aro, amma a hoto."

Ya yi dariya, ya shiga garke da kansa ya zaɓo wata fara mai dogon ƙaho. Ita kuwa ba ta san da zancen ba. Duk na matso sai ta juya min baya, sau ɗaya ma ta biyo ni na bar takalmi. Da ƙyar na samu hoto guda. A kan jinga na tsaya, inda sabis ya fi kamawa, wani shafin kyautar ya goge min bayan hoton ya bar saniyar.

Masu fito da ke taya mu aikin suka ji labari, su ma suka ce sai an sa kwalekwale, na sa. Da abokina ya ga abin da na kawo a buga, ya ce, "Wannan tambari ne ko kasuwa?"

Haka muka buga shi a riguna da ƙyalle. Ranar taro ba wanda ya tare mu. Wata jami'a ta tsaya tana kallon ƙirjin kawu ta ce, "Baba, manoma da makiyaya a ƙungiya ɗaya?" Ya ce, "Ai ga mu nan." Aka ba shi dama ya yi magana, Baffa ma ya yi. Da rani injin ya zo. Bai gama hanyar ba, amma ya buɗe bakinta, ruwa ya wuce.

Har yau na san tambarin nan ya karya duk ƙa'idar da na koya, kuma ba na jin kunyarsa. Kayan aikin suna nan kyauta ga duk mai waya. Abin da ba su gaya min ba shi ne, kowa kansa yake fara nema a jikin tambari, idan bai gani ba ya san matsayinsa.

Bara wani ya kira ni daga Kaugama, yana so in haɗa wa ƙungiyarsu nasu kafin gobe. Na ce ya fara tara mutanensa duka tukuna, zan zo mu zauna.