Ciyawar Gidan Noeleen

A layin su Lindsay Pascoe, can gefen garin Mildura, ba wanda bai san filin ƙofar gidansa ba. Tun da ya ajiye tuƙin motar 'yan makaranta, ba shi da aiki sai aske ciyawa da feshin magani. Haki ya kuskura ya leƙo ba da izininsa ba, to kafin la'asar ya sheƙa barzahu. Mutumin kirki ne, amma a kan ciyawa ba ya ragawa kowa, kuma wadda ta fi shan bakinsa ita ce maƙwabciyarsa Noeleen, da ta bar gidanta ya zama kurmi.

Ana nan sai 'yarsa Raelene ta sami aiki a New Zealand, inda ba a shiga da ƙadangare. Ta bar masa nata da take kiwo a akwatin gilashi, wani iri mai gemu, sunansa Clarrie.

"Baba, amana ce fa," in ji ta.

Ya yi mitarsa ya gaji, daga baya sai ga dattijo yana shan shayi yana ba ƙadangare labari. Sai dai Clarrie gyare kawai ya sani. A yanka masa ganye a faranti, ya kalla ya rufe ido. Da ƙafafunsa na baya suka fara rawa, likitar dabbobi ta ce ƙashinsa ne ke laushi. Ta ba da magani, ta ce in bai fara cin ganye ba, da wuya ya tashi. A dasa masa shuka mai rai cikin akwatin gilashinsa ya riƙa tsinka da kansa, musamman dandelion, ciyawar nan mai furen rawaya. Amma ban da ta shago, ban da ta inda aka taɓa feshi.

Lindsay ya dawo ya tsaya yana kallon filinsa, hankalinsa a tashe. Babu taku ɗaya da bai sha guba ba. Ya ɗauki ƙaramin shebur, ya haɗiye girman kai, ya ƙwanƙwasa ƙofar Noeleen.

"A'a! Sarkin aski da kansa? Yau kuma wane laifin na yi?"

"Ciyawa na zo roƙo."

"Sake faɗa, maƙwabci, kunnen ya tsufa."

"Don Allah, Noeleen. Kin taɓa fesa wani abu a nan?"

"Ni? Ko ruwa sai na tuna."

Ta yi dariya har da riƙe ciki, amma da ita aka durƙusa. Suka haƙo dandelion da saiwarsa, ta ƙara masa da ɗoɗɗoya. Da ya kai hannu ga wani kyakkyawan fure a jikin shinge, ta buge hannun. "Kai! Wannan ko doki ya ci sai an haƙa rami."

Ya dasa su a tukwane, ya jera cikin akwatin. Clarrie ya karkata kai, ya ƙura wa furen ido ɗaya, ya ja jiki, ya sake ja, sai caraf! Fure ya wuce, ganye ya bi baya. Lindsay ya fita ba takalmi yana ƙwala kira ta kan shinge: "Ya ci! Noeleen, ya ci!"

Daga nan kullum sai ya sauya tukunya. Wata safiya ya fito da shayinsa, ya tarar da Clarrie a can saman wani kututture da ke cikin akwatin, tsaye ƙyam da ƙafa huɗu, gemu duk ya yi rawaya. Dattijon ya ajiye kofi, ya zauna ya yi kukan murnarsa son ransa.